YADDA GARA TA KAYAR MIN DA ƊAKIN KAJI A GURI, DA ABIN DA TSOHON SOJA YA KOYA MIN

Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba. Maganar katako za mu yi, da abin da ke cin sa a ɓoye har ya kayar wa mutum da jarinsa a dare ɗaya. A kaina abin ya faru, a nan Guri, don haka ba labarin "an ce" ba ne.

Bayan na gama karatun kasuwancin noma na yi bautar ƙasa, na dawo gida na haɗa ɗan abin da na tara da gudummawar 'yan uwa, na gina ɗakin kaji a bayan gidanmu. Bulo layi uku a ƙasa, waya a sama, rufin kwano. Na lissafa kuɗin 'yan tsaki, na abinci, na allura, har da na ɓuntun shinkafar shimfiɗa. Abu ɗaya ne ban tsaya na yi tunani a kansa ba, wato katakon da zai riƙe rufin. Na je Haɗeja na zaɓi farin nan mai sauƙin kuɗi, kafinta ya haƙa rami ya kafa dirkokin a cikin ƙasa kai tsaye, muka rufa. Ashe da gaskiyar masu cewa araha ba ta ado.

Shekara biyu ba ta cika ba. Wani dare a watan Agusta hadari ya taso daga gabas, muna kwance muka ji ƙara. Da muka fito da tocila, rabin rufin ya zauna a kan kaji masu ƙwai 300 da ba su daɗe da fara yi ba. Wasu katako ya danne su, wasu suka firgita suka taru a lungu suka danne juna, sauran ruwa ya yi musu duka har asuba. Na kwashe gawar 41. Waɗanda suka rayu kuma sai da suka yi makonni kafin ƙwai ya dawo daidai, ni kuwa kullum ina zuba abinci.

Abin da ya fi ba ni haushi, iskar ba ta fi ta kowace shekara ba. Rumfar maƙwabcinmu ta zana ko gezau ba ta yi ba.

KAWU YA ZO JAJE

Da hantsi Kawuna ya zo. Tsohon soja ne, a Defo ta Zariya aka horar da shi, yana kuma cikin sojojin Najeriya da suka yi aikin ECOMOG a Laberiya. Bai tsaya kallon matattun kaji ba. Ya durƙusa a gindin dirkar da ta karye, ya zaro mukulli daga aljihu ya soka. Mukullin ya shige kamar a cikin burodi. Ya murza katakon da hannu sai ga jar ƙasa tana zubowa. Waje lafiya ƙalau, ciki babu komai sai laka.

Ya ce, "Ɗana, kada ka ɗora wa iska laifi. Ita ta zo ta tarar an gama aiki. Yaushe rabonka da ka zagaya ɗakin nan ka duba gindinsa?"

Na ce, "Kawu, kullum ina shiga sau uku."

Ya ce, "Kana shiga ka duba kaji. Ɗakin fa, wa yake duba shi?"

Na yi shiru. Ni dai sojana bai wuce makonni ukun da aka yi mana fareti a sansanin bautar ƙasa ba, amma ranar na ji kamar kurtun da saje ya kama da dattin takalmi.

Muna zaune a kan buhunan da suka tsira ya fara ba ni labari. Ya ce tun a watan Agustan 1990 dakarun ECOMOG suka fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, kuma duk wanda ya yi aiki a can ba zai manta da ruwan sama ba. Birni ne da ke samun ruwa fiye da milimita 4,000 a shekara, mu nan ko kashi ɗaya cikin biyar na hakan ba ma samu. Ƙasa kullum a jiƙe, itace kullum a jiƙe. Mutanen can "bagabag" suke kiran gara. Ya ce za ku haƙa ramin tsaro, ku yi masa rufi da itace da buhunan yashi, bayan 'yan watanni ka ga rufin ya fara lotsawa, alhali ba wanda ya harba masa ko harsashi ɗaya. Shi ya sa doka ce a wajensu: akwatin harsashi ba ya taɓa ƙasa, sai an jera duwatsu ko ƙarafa an ɗora shi, kuma duk safiya sai an ɗaga an duba ƙarƙashi.

"Wanda yake harbinka ka san inda yake," in ji shi. "Wannan kuwa ta ƙarƙashinka take zuwa, ba ta ƙara, ba ta hutu."

KU SAN ABOKIN GABAR TUKUNA

Daga baya na koma na karanta abin da na tsallake a makaranta, sai na ga kwatancen Kawu bai kauce ba. Gidan gara tsarinsa kamar bariki ne. Akwai sarauniya da sarki a can ƙasa cikin wani ɗaki na laka, aikinsu haihuwa. A irin garar da ke gina manyan suri, sarauniya ɗaya tana iya saka ƙwai dubbai a rana. Akwai ma'aikata, farare marasa ido, su ne ke cin katakonka su kai abinci gida. Akwai sojoji masu jan kai da manyan haƙora, waɗanda muke kira zago, aikinsu tsaro kawai, abinci ma ma'aikata ne ke ba su a baki. Sai masu fiffike, gina da shinge, da ke fitowa bayan ruwan farko su mamaye fitila. Waɗannan ba wasa suke ba, sababbin sarakuna da sarauniyoyi ne suka fito neman wurin kafa gida. In ka wayi gari ka ga tarin fikafikai a gindin bangon ɗakin kajinka, to ka sa ido a wurin.

Abu biyu ya kamata mai kiwo ya riƙe.

Na farko, gara ba ta jure bushewa da sarari. Jikinta laushi ne da shi, iska da rana suna kashe ta. Shi ya sa take gina hanyar laka a jikin bango ko dirka ta bi ta ciki, shi ya sa kuma take cinye cikin katako ta bar ɓawon waje kamar ba abin da ya faru. Duk inda danshi da duhu da katako suka haɗu, ka shimfiɗa mata tabarma.

Na biyu, ba kowace gara ce ke gina suri ba. Akwai ƙanana da gidajensu ke warwatse a ƙarƙashin ƙasa ba tare da wata alama a sama ba. Don haka kada ka ce "ai babu suri a filina." Ni ma babu suri a nawa.

Mu mutanen fadamar Haɗeja abin ya fi shafarmu. Daga Guri zuwa Kadira, Abunabo, Lafiya da Musari, ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Duk shekarar da kogi ya cika, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, gindin gini yakan daɗe bai bushe ba ko bayan ruwa ya janye. Sannan mu da kanmu muna ƙara mata: mashayar kaji tana ɗiga a kan ɓuntu, ruwan da muka sauya wa tarwaɗa yana kwanciya a gindin kandami, karan dawa da busasshiyar kachala da itacen banda muna jingina su da bango.

BA GARA KAƊAI BA CE

Akwai ƙananan ƙwari masu huda busasshen itace da gora. Alamarsu 'yan ramuka kamar an soka allura, da gari mai laushi kamar fulawa yana zubowa ƙasa. Su ba sa buƙatar ƙasa, a cikin itacen suke yin ƙwai, tsutsarsu ta ci ta girma. Sun fi son farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo da itacen da aka sare ba a bari ya bushe ba. Akwai kuma wani baƙin ƙwaro mai kama da ƙaton ƙudan zuma da ke huda rami zagayayye a katakon rufi. Ɓera shi ma yana gurgurar ƙofa da akwatin ƙwai. Sannan duk katakon da ya tsattsage ya zama maɓoyar ƙananan ƙwarin nan masu shan jinin kaji da dare su ɓuya da rana. Kaza ta rame, ƙwai ya ragu, kana ta sauya abinci, alhali matsalar tana cikin sandar da suke kwana a kai.

MASU KANDAMIN TAMFOL, KU SAURARA

Wannan ya fi shafarku. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne. Kandami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, in ya cika yana ɗauke da lita 6,000, wato tan 6 na ruwa, kuma katakon da ka kewaye shi da shi ne ke tare wannan ruwan kada ya baje. Katakon kuma kullum a jiƙe yake, ƙafarsa a ƙasa. Ranar da ƙafa ɗaya ta karye ba za a yi maka sallama ba, sai dai ka tarar da tarwaɗar wata huɗu a kan yashi. In da hali, yi firam ɗin da bututun ƙarfe. In babu, zuba daɓen siminti tukuna, ka ɗora katakon a kan bulo, ka kuma yi wa ruwan da kake zubarwa hanya ya tafi nesa.

YADDA MUKA SAKE GININ

Kawu ne ya tsaya a kan aikin, kafinta har yana ce masa "ranka ya daɗe samanja." Ga abin da muka yi.

1. Mun raba katako da ƙasa. Kowace dirka an zuba mata gindin kankare da ya ɗago sama da ƙasa aƙalla taƙi ɗaya, aka dasa ƙarfe a ciki aka ɗaure dirkar a kansa. Kankare ba ya kashe gara. Amfaninsa shi ne dole ta fito fili ta gina hanyar laka a inda idonka zai gani. Dirkokin kusurwa huɗu kuwa bututun ƙarfe na sa gaba ɗaya.

2. Mun zaɓi itace. Kakanninmu ba su yi karatun jami'a ba amma da azarar giginya suke rufin soro, kuma akwai gidajen da azararsu ta girmi masu gidan. Ƙirya ma gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba, shi ya sa ake turmi da ita. Maɗaci da maina, wato darbejiya, in sun ƙosa sun bushe, sun fi farin katako juriya nesa ba kusa ba. Sai dai giginya da ƙirya sun yi ƙaranci, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga daji ya sare ba izini. Duk itacen da ka samu, a ɓare ɓawonsa, a bar shi ya bushe sosai, a fifita jan cikinsa a kan farin gefe.

3. Mun shafe katako kafin a kafa, ba bayan an kafa ba. Ana samun maganin shafa katako irin su Solignum a wajen masu kayan gini. A shafa sau biyu, a fi ba da ƙarfi a bakin da aka yanka da zarto da inda katako biyu suka haɗu, a bar shi ya sha iska har wari ya fita kafin a zuba kaji. Baƙin mai da mutane ke amfani da shi yana ɗan taimakawa a gindin dirkar waje, amma yana ɗauke da dattin inji mai guba, don haka kada ya kusanci inda kaza ke tsattsaga ko inda ruwa zai wanke shi zuwa kandami.

4. Mun share kewaye. Taku biyu daga bango babu kara, babu itace, babu tsohon kwali, babu ciyawa. Kawu ya sa aka shafe gindin bangon da farar ƙasa kamar yadda suke yi a bariki. Na ce masa wannan ai ado ne. Ya ce, "A kan farin bango, jar laka ko ta kai siririn zare za ka hango ta daga nesa."

5. Buhun abinci ya bar ƙasa. Mun ɗora shi a kan dandamali mai ƙafar bulo, an bar rata tsakaninsa da bango yadda mutum zai leƙa.

HATTARA DA MAGANI

A nan ne da yawa daga cikinmu ke gyara ɓarna da wata ɓarnar. Mutum ya ga gara, ya ruga kasuwa ya sayo duk abin da mai shago ya miƙo masa, ya fesa a ɗaki kaji suna ciki.

Yawancin magungunan gara masu ƙarfi, irin masu sinadarin fifronil da kulofirifos, mugun guba ne ga kifi. Kaɗan ya isa ya kashe kandami guda. Mu kuma a fadama muke, abin da ka zuba a ƙasa yau, ruwan sama na iya kai shi kogin da masunta ke ci da iyalinsu. Manyanmu sun san irin ɓarnar da Gamalin ya yi a ruwa lokacin da wasu ke zuba shi don kama kifi, kuma sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa wa takunkumi a 2009.

Ɓangaren kaji ma haka. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai bayan an gano fifronil a cikinsu. An yi amfani da shi ne wajen kashe ƙwarin ɗakin kaji a gonakin Holan da Beljiyam, ya shiga jikin kajin ya fito a ƙwai. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin nan na piya-piya da aka samu a ciki. Wanda ke yayyafa shi a kan bandar kifi don korar ƙwaro, ya sani mutane ne za su ci.

In dole sai an sa magani: a nemi mai lambar NAFDAC, a karanta takardar jikinsa, a fitar da kaji da abinci da mashaya, a zuba shi a ramin da aka haƙa a gindin bango ta waje a mayar da ƙasa, ba a watsa shi a fili ba. Kada a yi ranar da hadari ya haɗu. Kada a wanke bokitin a kusa da rijiya ko kandami. Toka da jiƙaƙƙen 'ya'yan maina suna ɗan kore ta na wani lokaci, amma ba sa kashe gidan. Haƙe suri a fitar da sarauniya ma yakan yi aiki, sai dai wani lokaci gidan yakan farfaɗo, don haka a ci gaba da dubawa.

A MAYAR DA ITA ABINCI

Gara ba sharri ce zalla ba. A daji ita ke cinye matattun itatuwa ta mayar da su ƙasa, ramukanta kuma suna taimaka wa ruwa ya shiga ƙasa. Ga mai kiwo kuwa abinci ce mai gina jiki da maiƙo, kyauta. Manoma a Burkina Faso da arewacin Gana da Togo sun daɗe suna tara ta don 'yan tsaki da 'ya'yan zabi. Ana samun tsohuwar tukunyar ƙasa, a cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a inda aka ga alamar gara, a rufa mata inuwa. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗaga a zazzage wa kaji. Gina da shinge kuma, kwano da ruwa a ƙarƙashin fitila ya isa, tarwaɗa tana son su sosai.

Sharaɗi uku: a kafa tukunyar nesa da gini, kada a ɗebo daga inda aka taɓa zuba magani, kuma kada a ba ƙananan 'yan tsaki manyan zago, don suna iya cizon su a baki ko maƙogwaro. Ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba.

AKWATIN KAWU

Sai da muka gama aikin na tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki abin da zafi haka. Ya yi jim, sannan ya aika aka ɗauko masa wata leda daga ɗakinsa.

Ashe shi ma ta taɓa shi. Akwatin katakon da ya dawo da shi daga aiki yana ƙarƙashin gado shekara da shekaru, a kan daɓen ƙasa. Bayan ambaliyar 2022 ɗakin ya yi danshi, bai kula ba. Ranar da aka kira tantance 'yan fansho ya jawo akwatin, sai gindin ya zauna a ƙasa. Takardar sallamarsa daga aiki rabi ta rage. Ya yi watanni yana zirga-zirga da rantsuwar kotu da shaidu kafin ya daidaita takardunsa. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba hoto ne guda, shi da abokinsa da suka shiga Defo rana ɗaya, aka ɗauke su a Monrobiya. Abokin bai dawo ba, a can aka binne shi. Ya nuna min abin da ya rage: takalma biyu da gindin bindiga, sama duk laka ta cinye.

Ya ce, "Shekara nawa ina ɗaga akwatin gwamnati kullum safiya ina duba ƙarƙashinsa. Nawa na kaina ban ɗaga ba ko sau ɗaya."

Ban sami abin ce masa ba. Washegari na je Haɗeja na sayo akwatin ƙarfe biyu, ɗaya nasa, ɗaya nawa. Na ɗauki hoton duk takardunsa da waya na adana, na haɗa da nawa: takardar fili, shaidar makaranta, littafin lissafin gona.

SINTIRIN ASABAR

Yanzu duk Asabar bayan sallar asuba, kafin in zuba abinci, ina zagaya gonar da tsohon sukudireba a hannu. Minti goma ne. Ina ƙwanƙwasa kowace dirka, in ta yi ƙarar ganga na san ciki ya zama rami. Ina duba gindin bango ciki da waje. In na ga hanyar laka na kankare ta, in dawo bayan kwana biyu, in an sake ginawa to suna nan da ransu. Ina ɗaga buhu, in leƙa ƙarƙashin mashaya, in duba ko gari na zubowa daga rufi. Sau biyu na kama su tun daga lokacin, duka a kan farar ƙasar nan da na raina.

Ɗan uwa, kafin damina ta kankama ɗauki mukulli ko ƙusa ka je ka soki gindin dirkar ɗakin kajinka da ƙafar kandaminka. In ya shige, kada ka jira iska ta gaya maka. Ka kuma leƙa ƙarƙashin gadon tsohonka ka ga a kan me akwatinsa yake zaune.

Wanda yake da wata dabarar da ta yi masa aiki, musamman 'yan uwanmu na Kirikasamma, Birniwa da Nguru da muke fama da ƙasa iri ɗaya, ya taimaka ya faɗa mana mu ƙaru. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a kiwonmu, Ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama, Ya ba waɗanda ke raye lafiya. Amin.